Cape Coast Kwana Biyu Take So

Kuskuren da yawancin baƙi ke yi wa Cape Coast, garin bakin teku a Ghana, shi ne su taso daga Akra da safe da niyyar komawa da yamma. Tazarar wajen kilomita 150 ce kawai, amma cunkoson Kasoa kaɗai yakan mayar da tafiyar awa uku ta koma huɗu. Mai shiga mota a tashar Kaneshie ya yi sammako bayan asuba, ya kuma zo da shirin kwana.

Abin da ya fi cancantar kuɗin mutum shi ne tsohon ginin Turawa da ke bakin teku, inda aka tsare bayi. Kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, sannan mai jagora ya zagaya da ku rukuni-rukuni na kusan awa ɗaya. Kurkukun maza a ƙarƙashin ƙasa yake, duhu da danshi, iska ba ta shiga sai ta 'yan kafofi can sama, kuma a samansa daidai aka gina coci. Da kun fita ta ƙofar da ake kira Ƙofar Ba Dawowa, sai ga masunta suna ɗinkin raga a gindin kwale-kwalensu. Wurin ba na gaggawa ba ne. Ginin Elmina, wanda Turawan Fotugal suka kafa a 1482, yana kilomita 12 yamma, ya dace a ba shi yammacin rana ta biyu.

Safiyarta kuwa ta dajin Kakum ce, kilomita 30 arewa. Gadojin igiya 7 ne a tsakanin bishiyoyi, sama da mita 30 daga ƙasa. A isa da zarar an buɗe, domin da hantsi motocin 'yan makaranta sun cika wurin, gadar kuma tana ƙara lilo idan mutane sun yi yawa. Akwai hawan tudu kafin a kai, mai santsi bayan ruwa, silifa ba za ta yi ba.

Tekun dai na kallo ne. Igiyar ruwan tana da ƙarfi, idan ta koma takan zare yashi daga ƙarƙashin ƙafa ta ja mutum ciki, kuma a mafi yawan bakin ruwan babu masu ceto. Kada a bar yara su wuce idon sawu. Kusa da masunta akwai shara, wannan ne babban aibin garin. Samarin ƙofar ginin bayin kuma sukan tambayi suna, su rubuta shi a kan ɓawon katantanwar teku, su nemi kuɗi a kan hanyar fita.

Abinci da sallah ba wahala. Zango yana dab da kasuwar Kotokuraba, da masallaci da masu wake da shinkafa, Hausa kuma na biyan buƙata. Dokunun Fante, wato tuwon masara mai tsami na mutanen yankin, da soyayyen kifi ya fi daɗi a bakin ruwa, sai dai ranar Talata masunta ba sa shiga teku. A guji watan Yuni, lokacin ne ruwan sama ya fi ƙarfi.