DVDStyler: Yadda Bidiyon Biki Ya Fito Tas a Faifai

Duk mai son mayar da bidiyon waya ko na kyamara zuwa faifan da na'urar DVD ta gida za ta karanta, ina ba shi shawarar manhajar DVDStyler. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma ba ta manna tambari a kan hoto. Da ita na haɗa wa iyayena bidiyon bikin ƙanwata, don su har yanzu faifai suke sawa su kalla.

Abin da ya fi burge ni shi ne ta bar mini ikon zaɓar nauyin hoto, wato yawan bayanan da ake ba kowace daƙiƙa. Nan ingancin yake. Faifai na yau da kullum gigabait 4.7 yake ɗauka. In ka sa megabit 8 a daƙiƙa, awa ɗaya da kwata za ta shiga, hoton kuma ya fito tas, har zaren aikin da ke wuyan babbar rigar ango kana iya gani. In ka cusa awa uku, nauyin zai sauka zuwa wajen megabit 3, sai ka ga da zarar mata sun taso rawa hoton ya farfashe, fuskoki sun dagule. Ni raba bikin na yi faifai biyu, kamu daban, walima daban. Kuɗin faifai ɗaya bai kai a ɓata hoton da ba za a sake ɗauka ba.

A zaɓi PAL, shi ne tsarin talabijin ɗinmu a Najeriya, hoto 25 a daƙiƙa. In talabijin mai faɗi ce a sa 16:9, kada mutane su fito a miƙe. Kuma a nemi ainihin fayil daga hannun mai ɗauka, domin wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ya riga ya matse, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Iyakar hoton DVD ɗigo 720 a faɗi da 576 a tsayi ce, saboda haka bidiyon HD dole ya ɗan rage kaifi. Wannan daga tsarin faifan ne, kowace manhaja ka ɗauka haka za ka samu.

Juya bidiyon zuwa tsarin DVD yana ɗaukar lokaci a tsohuwar kwamfuta, a tabbatar akwai caji ko wuta. Na yi amfani da faifai irin DVD-R, na rage gudun rubutawa zuwa 4x, tsohuwar na'urar Baba ta karanta shi ba tare da sarƙewa ba.