Na sayi Zebra, manhajar da aka yi kiɗan fim ɗin Batman da ita, ga yadda muka kwashe a Garwa

Tun bayan babbar sallah yaran da ke zuwa ɗan studiyona a Yelwa suke damuna wai in faɗa musu ko kuɗin da na zuba a kan Zebra ya biya, to yau an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun la'asar ba aikin yi, bari in rubuta a waya kowa ya huta.

Ga wanda bai sani ba, Zebra2 sintasaiza ce ta cikin kwamfuta, wato fiyano mara jiki, kana buɗe ta cikin FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, kamar sauran filogin, wato ƙananan manhajojin da ake liƙa mata. Wani kamfani ne a Balin ta Jamus mai suna u-he ya yi ta, mai kamfanin sunansa Urs Heckmann. Abin da ya ɗaga sunanta shi ne Hans Zimmer mai kiɗan finafinai, shi ne ya yi aiki da ita a fim ɗin Batman The Dark Knight na 2008 wanda suka yi kiɗansa tare da James Newton Howard, ya sake ɗaukarta a Inception na 2010, har zuwa Dune na 2021 da ya ci Oscar da shi. Kuma ba shi kaɗai yake murɗa ta ba, akwai wani Howard Scarr da ya zauna yana ƙera masa sautuka ɗaya bayan ɗaya. A 2012 sai suka tattara waɗannan sautukan sama da 400 suka fitar da su kasuwa da sunan The Dark Zebra, tare da wata Zebra ta musamman da aka yi wa Zimmer, ZebraHZ, wadda aka ƙara mata filtocin Diva, wato matatan sauti na wata sintasaizar kamfanin.

Ni abin da na saya shi ne Zebra Legacy, duk waɗannan a ƙunshi ɗaya, yuro 99, a kuɗinmu kusan sefa 65,000 ke nan tunda yuro ɗaya 655 ne da ɗoriya ba ya motsi. Jaka sittin da biyar fa, kuɗin hayar studiyo na wata biyu. Biyan ma sai da aka sha fama, katina ya ƙi wucewa har sau uku, ƙarshe ɗan baffana da ke karatu a Yawunde na tura wa ta Orange Money ya biya da nasa katin, aka aiko lambar rajista ta imel na liƙa shi ke nan, ba wani ɗan makulli da za ka soke a USB, ba sai kana kan intanet kullum ba. Wannan ya burge ni gaskiya. Kuma saukar da ita bai ci ko jiga ɗaya ba, alhali wata sintasaizar, Omnisphere 2, da kowa ke yabo a lokacin wajen jiga 64 take, kuɗinta a lokacin kuma ya kusa dala 500 na Amurka, da wane data, da wane faifai. Wani zai ce ai ana samun ta sata a kasuwa jaka biyu a zuba maka a kile, wato filas na USB, na sani, na taɓa saye a wajen wani mai gyaran waya shekara biyu da suka wuce, ƙwayar cutar da ta zo da ita ta cinye min aikin waƙoƙin biki guda bakwai, amarya ɗaya har gida ta aiko yayanta. Tun ranar na tuba.

To ranar farko da na buɗe Dark Zebra da daddare na sa hedfon na danna maɓalli ɗaya tak na ƙasa, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wani ruri ne yake tasowa a hankali kamar hadarin watan Agusta in ya haɗo daga wajen Binuwai, yana buɗewa yana buɗewa, ga wani bugu a ƙarƙashi tik tik tik kamar zuciyar wanda ya yi gudu. Na kai ƙarfe biyu ina ta danne-danne ban ɗauki komai ba, uwargida ta yi ta kira na ƙi ɗagawa.

Lokacin muna tsakiyar wani ɗan fim mai dogon zango da muke sa wa a YouTube, irin na rikicin gida dai, kuma akwai wurin da uwargida za ta ga katin ɗaurin auren mijinta a aljihun riga tana shirin wanki. Na ce yawwa ga inda zan gwada kayana. Na zuba mata rurin nan, na ƙara wani ƙaho mai tsagewa daidai inda ta buɗe katin, ni a raina na gama da kowa. Darakta ya zo da safe ya zauna ya kalla, ya yi shiru, ya ce a mayar, aka mayar, sai ya juyo ya ce "Injiniya, kishiya za a yi mata ko aljanu ne za su rushe garin?" Yaran suka fashe da dariya har mai riƙe mana fitila. Na ji haushi amma gaskiyarsa ce, an ƙera sautukan nan ne don birni yana ƙonewa da jirage, ɗakin Hajiya mai labule da kwanukan samira ba zai ɗauke su ba, sun fi ƙarfin hoton nesa ba kusa ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan ciwo. Na rage kiɗan na tura masa ta WhatsApp ya duba, ya kira ni wai ina kiɗan yake. Na ce yana nan mana. Na kunna a wayata, babu, sai wani ɗan huci kamar iskar taya. Ashe duk ƙarfin abin a can ƙasa yake, ƙasa da 100 Hz, inda sai manyan sifiku ko hedfon ke iya fitar da shi, ɗan sifikar waya ba ya ko jin ƙamshin wajen. Mu kuma masu kallonmu daga Marwa zuwa Gaundare har Kusiri a waya suke kallo, wani ma a kan mashin yana jiran fasinja. Sai da na koyi bi da bes ɗin, wato sautin ƙasan, ta cikin Shaper, sashen Zebra mai lanƙwasa sauti, in ɗan ƙona shi kaɗan ya haifi 'ya'ya a sama inda waya ke iya fitarwa, kunne yana jin 'ya'yan sai ya ɗauka uwar ma tana nan. Yanzu duk abin da na haɗa sai na saurare shi a tsohuwar Tecno mai fasasshen gilashi kafin ya fita, ita ce alƙali.

Inda na fara cin kuɗina shi ne da na daina taɓa kayan Zimmer na koma shafi fari. Tsarinta akwai wani allo a tsakiya mai layi huɗu, kana danna gurbi ka zaɓi abin da za ka saka, OSC ne ko FMO, masu haifar da sauti, ko filta mai tace shi, abin da ka saka shi kaɗai zai fito a gefe, wanda ba ka saka ba ba ya tare maka ido kuma ba ya cin ƙarfin na'ura. A nan na haɗu da Comb. Shi wannan ɗan amsa-kuwwa ne gajere ƙwarai, ka jefa masa ɗan ƙaran "tas" sai ya yi ta juya shi a ciki da sauri har ya zama kamar an tsinki tsirkiya, in ka rage masa haske ya koma kamar tsirkiyar da aka ɗaura a kan ƙwarya da fata. Na ce kai, wannan ai garaya ce take so ta fito. Kwana huɗu na yi a kansa, na ƙara ɗan huci a farkon kowane bugu don a ji kamar farce, na sa wani Comb ɗin na biyu ya zama kwankwason ƙwaryar. Da na ga tana karɓar fayil ɗin sauya zaman murya sai na ɗan karkatar da wasu maɓallan, don garaya ba ta zama daidai inda fiyanon Bature ke zama, in ka bar ta a daidai sai ta yi kama da kiɗan talla.

Akwai wani dattijo mai garaya da muke ɗauka in ana biki, na kira shi na ce Baba zo ka ji jikarka. Ya saurara ido rufe yana kaɗa ƙafa, ya ce "ɗana muryar ta yi, amma wannan garayar ba ta taɓa yin kwanan yunwa ba." Ban gama gane nufinsa ba har yau amma na rage mata tsafta. Ita muka sa a wurin katin auren, bugu uku a hankali da ɗan siririn iska a baya wanda shi kam daga Dark Zebra na ɗauko na kashe rabin kayan cikinsa, darakta bai ce komai ba, shi kuma in bai ce komai ba to ya yi.

Maganar nauyi, laftof ɗina HP ce ta gwanjo, i5, RAM jiga 8. Zebra2 zalla zan buɗe guda goma ba ta ko tari. ZebraHZ kuwa in sautin yana amfani da filtocin Diva, uku huɗu sai a fara jin ƙas ƙas, balle a watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura 40 fankar ciki tana kuka kamar injin markaɗe, dole in mayar da layin ya zama odiyo in rufe filogin ɗin, wani lokaci har jiƙaƙƙen tsumma nake shimfiɗawa a ƙarƙashin tebur, kar ku yi dariya.

Abin da ban so ba, fuskarta ta tsufa, rubutun ƙanana, ga littafin bayanin da Ingilishi mu kuma Faransanci aka koya mana a lakwal, sai ina kwafa ina fassarawa sakin layi sakin layi. Kuma mai neman abin yin waƙar biki ko ta soyayya irin ta Kano, fiyano mai daɗi da sarewa da ganguna a shirye, kar ya ɓata kuɗinsa, Yamaha PSR ɗinka ta fi maka sau goma, babu muryar kayan kiɗa na gaske da aka ɗauka aka zuba a ciki, komai sai ka gina ko ka gyara. Ƙanina ya zauna da ita awa ɗaya ya tashi ya ce wannan lissafi ne ba kiɗa ba.

Wanda jaka sittin da biyar ta yi wa yawa ya fara da Zebralette, kyauta ce daga kamfanin, OSC ɗaya ce daga cikin na babbar, ko Vital da ita ma akwai ta kyauta, in ka yi wata guda ba ka gaji da murɗe-murɗe ba sai ka sayi babbar. Ni a goma na ba ta takwas, ɗaya na cire saboda fuskar, ɗaya saboda kunyar da ta ba ni gaban darakta ko da yake wannan laifina ne.

Yanzu kalangu nake nema a cikinta, matsewar nan da ake yi da hammata murya ta hau ta sauka, na ɗaura ta a kan ƙafar murɗa sauti ta kibod amma har yanzu kamar kwaɗo take fitowa. Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa min ta ina ya bi. An kawo kuran, bari in tashi.