Na zauna na kalli Bake Off: The Professionals, ga abin da na gani

Ni dai kun san sana'ata kek ce, shekara shida ina yi a gida ina kai wa masu biki da suna, kuma da ina ganin kaina wata ce, har sai da ƙanwata ta turo min wani yanki na shirin nan a WhatsApp ta ce Yaya don Allah ki kalli wannan ki ga inda ake yi. Wallahi sati biyu na yi ina bin shirin, data kam ta sha wuya.

Shirin na Ingila ne, an fara shi a BBC Two a 2016 da sunan Crème de la Crème, daga 2018 ya koma Channel 4 aka canja masa suna. Ba irin Bake Off ɗin da aka saba ba ne na 'yan koyo a cikin tanti, nan ƙwararru ne da suke aiki a manyan otal da gidajen abinci, ana haɗa su bibbiyu, a ba su 'yan sa'o'i su yi ƙananan kayan zaƙi da yawa iri ɗaya sak, sannan su gina wani ƙaton abu na nuni da cakulan ko narkakken sukari.

Abin da ya riƙe ni alƙalan ne. Benoit Blin Bafaranshe ne, ya daɗe yana shugabantar ɓangaren kayan zaƙi a Le Manoir aux Quat'Saisons, wani otal da gidan abinci a Ingila, sai Cherish Finden 'yar asalin Singafo wadda ta daɗe a otal ɗin Langham na Landan. Baiwar Allahn nan da rula take zuwa, rular makaranta fa, ta aza a kan ɗan kek ɗin da bai kai tafin hannu ba ta auna, in ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa tsawo sai ta ɗago kai ta kalle ka kallon da ko uwar miji ba ta yi. Ta yanka shi biyu ta leƙa ciki ta ga ko layukan kirim ɗin sun daidaita. Ranar da na ga haka na tashi na jera kofkek ɗin da na gasa na oda guda ashirin da huɗu a kan tire, na duba, babu biyu da suka yi daidai, wani ya kumbura wani ya lotsa, ni da nake auna kwaɓi da ido da ludayi. Washegari na sayi ƙaramin sikeli.

To amma in kina neman inda za ki koyi haɗi ne, kar ki ɓata datarki. Ba sa koyarwa. Kyamara sai tsalle take daga wannan teburi zuwa wancan, an fi son a nuna mai gumi da mai kuka da lokacin da hasumiyar sukari ta karye ana ɗaukarta zuwa gaban alƙalai, kuma tana karyewa ɗin, har ni sai da na yi salati. Za ki ga suna shimfiɗa cakulan a kan dutse suna juya shi ba wanda zai tsaya ya yi miki bayani dalla-dalla, sai a wani wurin na gano narkar da shi ake ya kai wajen digiri 45, a sauke shi zuwa 27, a ɗan ɗaga zuwa 31 ko 32 kafin ya yi ƙyalli ya karye ƙas. Na gwada a watan Afrilu a Kano, kicin ɗina ma ya fi digiri 32 zafi, ga shi an ɗauke wuta firji ya zama kabad, abin da na samu kamar kunun kanwa mai duhu, yara ne suka lashe da cokali.

Sannan a kula, suna yawan sa giya a kirim da sirop, gelatin ɗinsu kuma ba a faɗin na wace dabba ce, wanda zai kwaikwaya sai ya nemi na halal ko agar, madadinsa da ake samu daga ciyawar teku.

Barkwancin masu gabatarwa bai dame ni ba, rabi ma ba na ganewa, wucewa nake. Cikin goma na ba shi bakwai, da suna tsayawa su nuna hannu da na ƙara. Yanzu dai rula tana nan cikin durowar kicin kusa da wuƙa, maigida ya gani ya ce ko komawa makaranta zan yi.