Kwalbar buromin ko gishirin KBr da KI: wanne za a saya wa 'yan aji?

Malama, tsakanin kwalbar buromin da kayan haɗa iskar kulorin da aka kawo miki farashinsu, da kuma gishirin KBr (na fotasiyam da buromin) da KI (na fotasiyam da aidin) da ɗan silba naitiret (wani gishirin azurfa), ki ɗauki na biyun, kada ki yi wata-wata.

Su nake amfani da su, kuma ƙaramar kwalba ɗaya ta KI ta kai ni shekara uku, domin ɗigo-ɗigo muke aiki a kan farin tayil. Ruwan kulorin kuwa ni nake haɗa kayana da safen ranar darasi: in tsarma Hypo da ruwa sosai, in ɗiga masa asid mai rauni kaɗan, a bakin taga, rabin ƙaramar kwalbar gwaji kawai. Yaro ya ɗiga shi a kan KBr ya ga ruwan ya koma ruwan lemo, ya ɗiga a kan KI ya ga ya koma ruwan ƙasa. Daga nan sai in ba su kananzir su zuba a kan na KI a cikin kwalbar gwaji su girgiza. Ba zan manta da wata yarinya mai zama a layin baya ba, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a ajina ba. Da ta ga kananzir ya taso sama ya rine ya zama shunayya, ta riƙe kwalbar a hasken taga ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ashe kulorin ne ya kori aidin daga gidansa." Abin da na yi mako biyu ina rubutawa a allo ke nan. Bayan haka ne bayanin ya zauna musu, cewa duk sanda aka gangara rukuninsu a jadawalin sinadarai, daga fulorin zuwa kulorin, buromin har aidin, ƙwayar zarra ƙara girma take yi, ƙarfin janyo ilektron yana raguwa, shi ya sa na sama yake ture na ƙasa.

Ruwan buromin ma daga ɗiga ruwan kulorin a kan KBr za ki samu. Ki sa KBr ya fi yawa don kada kulorin ya rage a ciki, sai ki ɗiga shi a kan KI. Ki kula kuma da hannun yara wajen ɗiga kulorin a kan KI, in ya yi yawa launin ɓacewa yake yi, sai su ɗauka gwajin bai yi ba.

Silba naitiret shi ne mai tsadar cikinsu, amma shi za su tarar a gwajin kuloraid na WAEC da NECO. In an ɗiga shi a kan gishirin kulorin (kuloraid) sai a samu AgCl, a kan KBr a samu AgBr, a kan KI a samu AgI. AgCl fari ne guda-guda kamar madarar da ta tsinke, yana narkewa a amoniya mai rauni. AgBr ruwan madara ne, sai amoniya mai ƙarfi. AgI ruwan ɗorawa ne, ba ya narkewa ko kaɗan.

Buromin dai na taɓa saya, na kuma yi nadama. Yara sun ga sinadarin da idonsu, ja mai duhu yana hayaƙi, wannan kaɗai zan iya yaba masa. Yana tafasa a digiri 59, a zafinmu na watan Afrilu kuwa murfin bai riƙe shi ba, rabi ya gudu, ƙarafan kabad duk suka yi tsatsa. In ba ki da akwatin zuƙe hayaƙi, shi da iskar kulorin cikin tulu haɗari ne ga yara, musamman masu asma.

Sai maganar masu sayarwa, ko da ba ki tambaya ba. KBr da gishirin miya duk farare ne, kuma wani ya taɓa sayar mini da gishiri an manna masa takardar KBr. Yanzu da 'yar kwalbar ruwan kulorin nake zuwa kasuwa, in narka ɗan kaɗan in ɗiga a gabansa, in bai canza launi ba in ajiye masa kayansa. KI ɗin da ya fara rawaya ko ya dunƙule ya sha danshi, ki bar shi. Silba naitiret kuma ki sayi ƙwayoyinsa a kwalba mai duhu, kada ki karɓi wanda aka riga aka narka, don ruwa suke ƙara masa. In za ki narka naki, ki nemi tataccen ruwa na ɗakin gwaji, na famfo ko na burtsatse yana da kuloraid, nan take zai yi hazo tun ba ki fara komai ba.