A jira mai turbo ko a sayi wadda ke ƙasa? Shawara ga mai neman motar gudu a Damagaram

Wata uku ke nan wani ƙanena yana riƙe da kuɗin mota bai saya ba. Duk daren da muka haɗu a fada, kafin a sauke shayi na biyu, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, duba, an ce Toyota GR86 mai zuwa da turbo za ta fito, gara in ƙara haƙuri." Tun da na ga maganar ta wuce hira, domin har ya fara tuntuɓar masu shigo da motoci, na zauna na auna abin da ake hasashe da abin da yake a hannu, da idon wanda zai tuƙa motar a titunan Zinder.

Jita-jitar tana da tushe. A shekarar 2022 kamfanin Toyota ya shigar da wata GR86 ta gwaji cikin gasar tseren Super Taikyu a Japan, ɗauke da ƙaramin inji mai silinda uku da turbo (na'urar da ke ƙara cusa iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi), wanda aka samo daga injin GR Yaris. A watan Mayu na 2024 kuma shugabannin Toyota da Subaru da Mazda suka fito tare suka bayyana cewa za su ci gaba da ƙera sababbin injunan mai, Toyota ya nuna masu silinda huɗu na lita 1.5 da lita 2. Ga kuma Subaru WRX, wadda take amfani da inji mai lita 2.4 ɗan gida ɗaya da na GR86, amma da turbo. Daga nan ne marubutan mujallun mota suke ɗinka hasashensu: wasu su ce turbo, wasu su ce injin mai haɗe da lantarki. Sai dai injin da aka gwada a filin tsere daban, motar da aka ajiye a shago da farashi a jikinta daban.

Ko da hasashen ya tabbata, akwai lissafin da ya kamata mutumin Damagaram ya yi. Irin waɗannan motoci ba sababbi suke iso mu ba. Sai sun yi shekaru a hannun wani a Amurka ko Turai ko Dubai, farashinsu ya sauko, sannan su hau jirgin ruwa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma bin tashar Lome su ratso Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru, ga duwan na jira. Wanda ya ce zai jira sabon samfuri, to, jira biyu ne a gabansa: na fitowarsa, da na tsufansa har ya kai farashin da aljihu zai ɗauka. Bugu da ƙari, turbo yana ƙara zafi a cikin inji, yana kuma son mai da baƙin mai masu kyau ƙwarai, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40. A ganina, turbon da ake ɗoki shi ne zai fi wahalar riƙewa a nan.

Motar farko da ke ƙasa ita ce wadda Toyota da Subaru suka haɗa hannu suka fitar a 2012, ana ƙera ta a masana'antar Subaru da ke Gunma. Suna huɗu gare ta: Toyota 86, GT86 a Turai, Scion FR-S a Amurka har zuwa 2016, da Subaru BRZ, kuma duk kusan mota ɗaya ce, saboda haka kada dillali ya ƙara maka kuɗi don tambari. Lambar 86 ɗin ma gado ce daga wata tsohuwar Corolla ta shekarun 1980, AE86. Injinta lita 2 ne, mai silinda huɗu a kwance, biyu na kallon dama biyu na kallon hagu, yana ba da ƙarfin doki wajen 200, kuma tayoyin baya ne ke tura motar. Daɗinta yana cikin sitiyari da yadda take shan kwana a natse. Aibinta, wanda duk mai ita ya sani, shi ne ƙarfin yakan ɗan faɗa a tsakiya, wajen juyi 4,000 a minti, daidai lokacin da mutum yake son ya wuce babbar mota a hanyar Mirya, dole ya sauke giya. Waɗanda aka ƙera a 2012 da 2013 an yi musu kiranye a 2018, wato kamfani ya nemi a mayar da su a gyara, saboda matsalar sifirin ɗin bawul, don haka wajibi ne a bincika da lambar shasi ko an yi aikin. Na 2017 zuwa sama an gyara musu fuska, mai giyar hannu kuma ta sami ɗan ƙarin ƙarfi.

Ta biyu ita ce GR86 da sabuwar BRZ, waɗanda suka fito a 2021. An faɗaɗa injin zuwa lita 2.4, ƙarfin doki ya kai wajen 230, ƙarfin juyi ya tashi daga 205 zuwa 250 a ma'aunin Nm, kuma yana zuwa tun a juyi 3,700, wato an cike ramin nan na tsakiya. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 tana ɗaukar daƙiƙa 6.3, alhali ta farko tana haura bakwai. Wannan shi ne ainihin ƙarin da masu motar suka yi shekara tara suna roƙo, kuma ya riga ya zo ba tare da turbo ba. A Turai shekara biyu kacal aka sayar da ita, aka dakatar a 2024 saboda sababbin ƙa'idojin kariya, shi ya sa ƴan Turan suke da wuyar samu, farashinsu kuma bai cika sauka ba. Mafi yawan waɗanda za a kawo maka daga Amurka za su fito.

Ta uku, Mazda MX-5, ita ce dattijuwar wannan layi, tun 1989 ake yin ta, kuma a 2016 ta cika miliyan ɗaya. Samfurin yanzu ya fito a 2015, nauyinsa bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba, mai lita 2 na bayan 2018 yana da ƙarfin doki 184. Injinta a tsaye yake kamar na sauran motoci, bakanike ba zai yi masa kallon baƙo ba. Amma kujera biyu ce tak, but ɗinta ƙarami ne, rufinta na yadi ne, kuma wanda ya san ƙurar hunturu da ranar bazara a garin nan ya san abin da za su yi wa yadi da robobin gefensa. Akwai mai rufin ƙarfe da ake kira RF, ita ce kawai zan saurara idan an yi mini tayi. Ita ma ana yi mata hasashe tun da Mazda ya nuna motar gwaji Iconic SP a Tokyo a 2023, amma wannan ma nuni ne.

Abin da zai raba gardama a Zinder ba ya cikin takardar ƙarfin doki. Tazarar cikin GR86 da ƙasa santimita 13 ce. Ka tsayar da wayarka a ƙasa, za ka ga ta fi wannan tsawo. A kan kwaltar da ta nufi Maraɗi, inda hanya ta yi kyau, motar za ta ba ka abin da ka biya. Amma a lungunan Birni, ko cikin yashin wasu unguwannin bayan gari, ko kan tudun rage gudu da ake yi da tsayi, ko bayan ruwan Agusta ya zaizaye gefen titi, gabanta ne zai fara shan ƙasa. Kafin ka biya ko dala, ka bi hanyar da kake bi kullum daga ƙofar gidanka zuwa wurin aiki, ka ƙirga wuraren da santimita 13 ba za ta wuce ba. Saboda wannan dalili na fi son mai taya inci 17 a kan mai 18, domin robar ta fi kauri, ta fi jure rami. Ka kuma buɗe but ka duba, da yawansu ba su da tayar safaya, sai ɗan gwangwanin liƙe huji, wanda ba zai yi maka komai ba idan taya ta yage tsakanin Takeita da Tasawa.

Sai batun mai. Matatar SORAZ tana nan arewa da gari tun 2011, amma abin da ya shafi wannan mota shi ne ingancin abin da ya shiga tankinta. Injin 86 da GR86 yana matse mai da iska sau 12.5, matsi mai yawa, shi ya sa kamfanin ya nemi a zuba masa mai na sahun sama. Man kwalba na bakin titi, wanda babur da tsohuwar Corolla suke sha su wuce, ba abincinsa ba ne. Ka zaɓi gidan mai ɗaya da ka yarda da shi ka tsaya a kansa, idan kuma ka ji inji yana ƙwanƙwasa lokacin da ka taka, ka ɗaga ƙafa. Baƙin mansa mai ruwa-ruwa ne, 0W-20, kuma a ƙurarmu gara a riƙa canza shi da matatar iska kafin lokacin da littafi ya faɗa.

Tambarin Toyota a gaban motar yana iya yaudarar mai saye ya ɗauka kayan gyaranta suna nan birjik kamar na Hilux. Injin na Subaru ne, kuma ko canza fulogi aiki ne, saboda suna gefe a matse da jikin mota, har wasu sukan ɗan ɗaga injin kafin hannu ya kai. Kayan gyara sai an aika Kano ko Yamai, wani lokaci sai an yi oda daga waje. Ka nemo bakaniken da ya taɓa buɗe injin Subaru, mai na'urar karanta matsala, ka yi magana da shi tun motar ba ta taso ba.

Abin da na gaya wa ƙanena shi ne ya daina jira. Idan ita ce za ta zama motarsa tilo, kuma iyali na tafe, kada ya sayi ko ɗaya cikin ukun, domin kujerun bayan 86 ma na yara ne da jaka. Tun da yana da wata ta zirga-zirga, na ce ya nemi 86 ko BRZ ta 2017 zuwa 2020, mai giyar hannu da taya 17, ya ware wani kaso na kuɗin don tayoyi da kayan gyara. GR86 kuwa sai idan bayan duwan da takardu da inshora akwai sauran abin da zai riƙe ta. Sitiyarinta ya kasance a hagu, kada arahar ƴar Japan mai sitiyari a dama ta ja shi. Da yake motocin gudu da yawa da ake gwanjonsu a Amurka sun taɓa yin hatsari, na ce ya karɓi lambar shasi ya binciki tarihinta, ya kuma sa a ɗauko masa hoton ƙarƙashinta tana kan abin ɗagawa, kafin ya tura kafin alƙalami.