Cin kifi a Kiribi: matsayar masunta ko gidan abincin otal?

Alhaji, ka tambaya inda ya fi dacewa ku ci kifi a Kiribi, garin bakin teku da ke kudancin Kamaru. Tunda kai da iyali ne, kuma kwana biyu kawai za ku yi a can, kada ka tsaya dogon nazari tsakanin gidan abincin otal da masu gashin bakin ruwa. Ku nufi matsayar masunta ta Mboa Manga, wadda mutanen gari ke kira debarkade. Tana nan inda kogin Kienke ya shiga teku, kusa da tsohuwar hasumiyar fitila ta zamanin Jamusawa, kowane ɗan acaɓa ya san wurin.

Abin da ya fifita ta shi ne da idonka za ka ga kifin tun yana ɗanye. Kwale-kwale na tsayawa, ana juye kifi a kasuwar da aka gina da tallafin Japan, ruwan teku na ɗiga daga jikinsa. Laraba da Asabar ne kifi ya fi sauka, don haka in da hali ka daidaita zuwanku da ɗaya daga cikinsu. Ka zaɓa, a auna, ka biya, sannan ka ɗauka ka taka 'yan taku zuwa rumfunan matan da ke gashi. Mai gashi za ta kankare ɓawon, ta cire kayan ciki, ta tsaga jikin kifin sau uku ko huɗu ta kowane gefe, ta cusa haɗin da ta niƙa na tafarnuwa, citta, albasa, barkono da njansan (wata ƙwayar itace mai maiƙo da ake sa wa girki) har cikin tsagar. Ta ɗora kan gawayin da ya riga ya yi ja, tana shafa mai tana fifita. Kifi mai kilo ɗaya yakan ci wajen minti 20 zuwa 25, ana juya shi. In ya sauko, fatar ta yi ƙus-ƙus, tsokar fara tas tana rabuwa da ƙaya da kanta, ga soyayyar agada a gefe, ga miyondo, wato rogon da aka jiƙa aka niƙa aka naɗe a ganye aka dafa. Wanda ya saba da tarwada da karfasan Binuwai zai ji bambanci tun lomar farko, domin kifin teku ba shi da ƙarnin taɓo.

Wajen zaɓe, sunayen Faransanci za ka ji. Bar shi ne wanda ya fi dacewa da iyali: tsoka mai kauri, ƙaya kaɗan, ba ya farfashewa a kan wuta. Sol shi ne shimfiɗaɗɗen nan mai kama da tafin takalmi, ƙayarsa a tsakiya take, tana ɗagowa gaba ɗaya, shi ya sa ya fi sauƙi ga yara. Amma siriri ne, in mai gashi ta yi sakaci minti biyu sai ya bushe. Kafiten kuma, ka lura, ba giwan ruwan da ake kira da wannan suna a Garwa ba ne, na teku daban yake, ko da yake shi ma yana da daɗi. A lissafi ka ware wa kowane babba kamar gram 400 zuwa 500 na ɗanyen kifi, saboda kai da ƙaya da kayan ciki suna tafiya da kusan rabin nauyin. Mutum biyar ke nan kilo biyu zuwa biyu da rabi. Kuma gara kifi biyu matsakaita da ƙato guda, domin ƙaton bayansa kan ƙone alhali wajen ƙashin baya bai nuna ba.

Yadda za ka gane sabo ba wuya. Ido ya fito tar, ba wanda ya lotsa ya yi hazo ba. Ka ɗaga murfin gefen kansa, inda yake numfashi: ja jawur ake so, in ya koma ruwan ƙasa da yauƙi ka ajiye. Ka danna tsokar da yatsa, ta dawo nan take. Ka shinshina, ƙanshin ruwan teku za ka ji, ba ɗoyi ba. Jatan lande kuwa kansa ake dubawa, shi ke fara baƙi yana saki daga jiki, kuma in ka ji wari mai hawa hanci kamar na fitsari to ya wuce. Kaguwa sai mai rai, tana motsa ƙafa. Matacciyar kaguwa nan da nan take lalacewa a wannan zafi, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Gidan abincin otal, to, akwai kujera mai kyau, akwai bayan gida mai tsabta, kuma in ruwan sama ya sauko kana cikin rufi. Amma kifin nan dai daga wannan kasuwar aka sayo shi, wataƙila shekaranjiya, ya kwana a firiza, ka biya kuɗi mai yawa a kan yanka ɗaya da ba ka ga idonsa ba. Sannan girkin Turawa suke yi, wani romon da farar giya ake haɗa shi, wani jatan landen a zuba masa barasa a kunna wuta. In dole ta kai ku can da dare, ka ce a gasa kawai, ba romo, a kawo lemun tsami da yaji a gefe.

Wannan zancen na tsarki ya shafi bakin ruwan ma. Naman teku dai a mazhabar Malikiyya halas ne, har jatan lande da kaguwa. Abin dubawa shi ne ragar gashin: ka tabbata kifi kaɗai ake ɗorawa a kanta. Yawancin rumfunan ana sayar da giya, saboda haka da Hajiya da yara ku je da rana, tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu, kafin masu sha su cika wurin.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka, akwai macuta. Kana sauka daga mota wani saurayi zai tare ka da fara'a ya ce zai kai ka wajen yayarsa, to kuɗin rakiyarsa a cikin farashinka yake. Ka gode masa ka shiga da ƙafarka, ka tambayi farashin kilo a tebur uku kafin ka taya. Ka ga allurar sikeli a kan sifiri, kuma a zazzage ƙanƙara daga leda kafin awo. Wasu kan narkar da daskararren kifin kwali, irin wanda a Najeriya ake kira taitus, su watsa masa ruwa su jera cikin sabo. Wasu kuma bayan ka juya baya su musanya wanda ka zaɓa da na jiya, in ya sha yaji ya gasu ba mai ganewa. Maganin wannan, ka sa a yanke gefen jelar kifinka a gabanka, ka kai shi wurin gashi da hannunka. Ka yi cinikin kuɗin gashi, da na agada, da na miyondo, kowanne daban, kafin kifi ya taɓa wuta. In ka bari sai an ci an wanke hannu, abin da aka ce shi za ka biya.

Rana ta biyu ku gangara kudu kamar kilomita 7 zuwa Lobe, inda kogi ke faɗowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Can ake cin jatan landen da Kiribi ta yi suna da shi, wanda ake kamawa da gura, wato tarkon saƙa, a cikin kogin, a soya da tafarnuwa a rumfunan da ke kan yashi. Ka nemi a nuna maka shi ɗanye, ka ƙirga nawa ne a faranti, a yanke farashi tukuna. Minti uku zuwa huɗu ya ishe shi a kasko, da ya yi ja ya lanƙwashe a sauke, in ya zarce haka sai ya koma kamar roba. Ku tafi da ruwan gora na shanku, kuma in akwai wanda jikinsa bai taɓa sanin jatan lande ba, a ba shi guda ɗaya a jira tukuna, don wasu yana sa musu ƙaiƙayi da kumburin leɓe.