Hawan jinin huhu ga mai raunin zuciya: wane magani za a saya?

Da zarar hoton zuciya ya nuna jini ya hau a jijiyoyin huhu, sai ka ji 'yan uwa na ambaton sildenafil, ƙwayar nan da aka fi sani da Viagra, don tana buɗe jijiyoyin huhu kuma ba ta wuyar samu a kemis. Kafin ka ciro kuɗi, tambayi likita daga ina matsin ya taso.

Ga mai raunin zuciya, yawanci ɓangaren hagu ne ya kasa tura jini gaba, sai jinin ya dawo baya ya cunkushe a huhu. Kamar magudanar ruwa ce da ta toshe daga ƙasa: in ka faɗaɗa ta daga sama, ambaliya za ka ƙara. Shi ya sa magungunan da ke taimaka wa wanda cutar ta faro daga jijiyoyin huhun kansu ba su yi abin kirki a nan ba. An gwada ɗaya daga cikinsu, epoprostenol, a masu raunin zuciya mai tsanani, dole aka tsayar da gwajin don mace-mace sun fi yawa a cikin waɗanda aka ba shi. Bosentan da macitentan suna tara ruwa a jiki. Sildenafil ɗin ma, a gwajin SIOVAC da aka yi a Sifaniya kan mutum 200 da aka riga aka gyara musu bawul ɗin zuciya (ƙofar da ke hana jini komawa baya), waɗanda suka sha shi sun fi shan wahala. Ƙa'idar likitocin zuciya da na huhu ta Turai ta 2022 ba ta goyi bayan a ba irin waɗannan marasa lafiya waɗannan magunguna ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne isosorbide. Ana yawan haɗa shi da hydralazine ga masu raunin zuciya, musamman baƙar fata. In mai shan isosorbide ya ɗora sildenafil a kai, jininsa na iya faɗuwa warwas.

Kuɗin sun fi amfani a wajen zuciyar kanta. Dattijuwar da ba ta iya kwanciya sai da matashin kai uku, wadda in ka danna ƙaurinta yatsanka ke barin rami, furosemide take buƙata da farko, a sauke ruwan. Sai lisinopril, carvedilol ko bisoprolol, da spironolactone, masu sauƙin kuɗi, waɗanda ake bayarwa idan zuciya ta rage ƙarfin bugawa. Dapagliflozin da empagliflozin sun fi tsada, amma in aljihu zai ɗauki ƙari ɗaya, ni su zan fara tambaya. An ga empagliflozin yana rage matsin huhun kansa. Entresto yana maye gurbin lisinopril ne, ba a haɗa su, sai an bar awa 36 tsakani. Mai jego da zuciyarta ta raunana kuwa, a janye mata kunun kanwa da gishiri, a kuma gaya wa likita tana shayarwa.

Idan bawul ne ya tsuke, kamar yadda ke faruwa bayan zazzaɓin gaɓoɓi tun yarinta, ƙwaya ba ta buɗe shi, tanadin aiki za a yi. Hoton zuciya kuma ƙiyasi kawai yake bayarwa. Gwajin da ke tabbatar da tushen matsin shi ne a zura siririn bututu ta jijiya zuwa ɓangaren dama na zuciya, kuma likitan zuciya ne zai faɗa maka ko mara lafiyarka na buƙatarsa.